Jan Fenti a Reykjavik, Wuta a Garou

Reykjavik, 4 ga Oktoba 2009

Zuwa ga Kawu Issufu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wagga takarda ta iske ka lahiya kai da iyali. Ƙaƙa ciwon gwiwa? Ka gaishe mini da Inna, da Yaya Karimu da matarshi Nazifa. Ni lahiya lau, sai sanyi.

Yau wata ɗaya da saukata Islanda, inda ma'aikatar kula da kamun kihi ta turo ni horo na wata takwas. Tsibiri ne na baƙin dutse da ciyawa, ba itacen da mutum zai fake ƙarƙashinshi. Mutanen ƙasar duka ba su wuce rabin na Kotonu ba. Ruwan zahi daga ƙarƙashin ƙasa yake hito musu, su ja shi da tiyo har cikin ɗaki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai gare shi, sai da na yi kwana uku ina alwala ina toshe hanci.

An sauke ni gidan wata tsohuwa, Torun, wadda ta shekara talatin tana gyaran kihi a masana'anta. Hannuwanta sak na Inna. Da ɗan Ingilishin da na koya muke magana. Ta kai ni ƙauyen ƙanenta ranar tara tumaki. Da rani suna sakin tumakinsu cikin duwatsu ba makiyayi, in sanyi ya matso a hau dawaki a koro su duka cikin babban shinge, kowa shi duba tsagar kunne shi ja tashi. Na tambaya ko ba a sata, sunka yi mini dariya.

Ga abin da ya sa na ɗauki bik in rubuto maka. Nan yawancinsu ba su da sunan dangi. Kowa da sunanshi da na ubanshi ake kiran shi, ɗan wane, ɗiyar wane, har a takardun gwamnati. Da Torun ta ji sunan Baba, sai ta rubuta a akwatin wasiƙa na bakin ƙofa: Sakinatu Alasansdottir, wato ɗiyar Alasan. Kullum na dawo sai na tsaya na karanta. Shekara goma sha uku ke nan rabona da jin an haɗa ni da sunan Baba ba da ba'a ba. A Garou, ƙauyenmu, ɗiyar mai guba nake.

Ka san labarin, amma bari in faɗe shi yadda na gan shi ina da shekara goma sha biyu. An kai ƙara wai Baba ya zuba maganin auduga a tabkin Garou don shi kwashe kihi. Jandarma sunka ɗaure shi, sunka ratsa da shi tsakiyar Malanville ranar kasuwa. Anka farfasa jirginshi, ya yi wata shida gidan kaso a Kandi. Da ya hito bai sake shiga ruwa ba, shekara ba ta zagayo ba ya rasu. Tabkin da munka gada ya koma hannun Na-Allah, wani babban masuncin ƙauyen. Kowa ya san Na-Allah ya kai ƙarar, amma ba mai shaida.

Kahin in taso na samu an buɗe mini tsohon dosiyen shari'ar Baba. Takardar ƙarar na ciki, da mashin ɗin rubutu anka buga ta, ba suna, ba sa hannu. Na yi hotokopinta, tana cikin akwatina. Kawu, shekara talatin kana da tebur gaban gidan waya kana rubuta wa mutane wasiƙu, ba mashin a Malanville da ba ka sani ba. Wa ya buga ta? Kai ka riƙe ni a lakwal ina karatu bayan Baba, ba ni da wanda zan tambaya in ba kai ba. Na kuma ji Na-Allah na neman shugabancin sabuwar ƙungiyar masunta. Muddin ina numfashi ba zai ci wanga lahiya ba.

Ɗiyarka,
Sakinatu

Malanville, 8 ga Nuwamba 2009

Ɗiyata Sakinatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ran Talata, mun yi murna ƙwarai. Gwiwa da sauƙi. Innarki lahiya, tana can tana ƙyafa kihinta. An fara yankan shinkafa, bana ta yi kyau, masu albasa kuma suna ta dashe. Raguna sun fara shigowa daga Gaya don Layya. Karimu na nan bisa kabu-kabunshi tun sahe har magariba, Nazifa kuma an ce juna biyu gare ta, in Allah ya yarda sai ki iske baƙo.

Na hau moto na tahi Garou na karanta musu takardarki, tunda ke kin san Karimu bai yi lakwal ba. Innarki ta sa na maimaita wurin tumaki har sau biyu. Ta ce a tambaye ki, in ba itace da mi suke ƙyafa kihi? Ta ce kuma ki gaishe da tsohuwar da kinka sauka wurinta, Allah shi saka mata, tunda ta san darajar uba.

Batun sunan nan ya taɓa ni. Na zauna ina tunani, ashe akwai ƙasar da minista da mai shara duka da sunan yanka ake kiran su. Da a nan ne da an ce rashin kunya.

Game da tambayarki, ɗiyata, mashina sun shigo garin ga sun hita, masu su waɗansu sun rasu, waɗansu sun ƙaura. Ni tsoho ne, idona ba kamar da ba. Ki sa hankali ga karatun da ya kai ki. Alasan ya riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙan shi, wanda ya cuce shi zai iske shi can. Ni da innarki kakanninmu ɗaya, ba zan ba ki shawarar da za ta cuce ki ba. Ki bar wanga zance.

Gaskiya ne Na-Allah na neman shugabanci. An ce za a gina musu ɗakin ƙanƙara na ajiye kihi a Garou, wanda ya zama shugaba shi ke riƙe makulli. Amma ba kowa ke son shi ba, da wuya shi samu.

Ki riƙa sa sutura mai kauri.

Kawunki,
Issufu

Reykjavik, 20 ga Disamba 2009

Kawu Issufu,

Ina gaisuwa. An yi Layya lahiya? Barka da cikin Nazifa, Allah shi sauke ta lahiya. Ka gaya wa Inna a iska suke shanya kihinsu har shi bushe kamar katako, su shafa man shanu su ci. Kawunan kuma su loda a jirgin ruwa zuwa Najeriya. Wataƙila ma ta taɓa ganin su a kasuwarmu.

Rana ta guje mu. Sai wajen ƙarhe goma sha ɗaya take leƙowa, ƙarhe uku da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba kusan a zama ɗaya nake yin su. Su kuwa ko a jikinsu. Sun jera hitilu a tagogi, mata na saƙa rigunan ulu, jarirai na barci cikin kekensu a waje bakin shago. Da sahe tsohi ke taruwa cikin wani kududduhin ruwan zahi a hili, ƙanƙara na zuba bisa kawunansu, suna zagin gwamnati. Wurin nan shi ne gindin bishiyarsu.

Zagin kuwa da dalili. Bara manyan bankunansu uku sunka rushe cikin mako ɗaya. Waɗansu 'yan tsiraru sunka yi wasa da dukiyar ƙasa, talakawa sunka kwana ciki. An ƙwace gidan ɗan Torun, ya kwashe matarshi da 'ya'yanshi uku ya koma Norwe. Jikokin da take wa wanka, yanzu sai a hoto. Ta nuna mini tukunyar da ta riƙa bugawa da cokali gaban majalisa, ita da dubban mutane, cikin sanyi, har gwamnati ta sauka. Gindin tukunyar duk ya lotse. Ba ta dahuwa da ita, ba ta kuma yarda a yar.

Ran Asabar ta ce in raka ta. Munka shiga bas har wata unguwar masu hali, ta tsaya gaban wani gida na gilashi. An watsa mishi jan fenti tun daga ƙofa har tagogin sama. An yi ta wankewa, bai hita ba. Gidan ɗaya daga cikin mutanen bankin ne. Ba a taɓa kowa ba, ba a fasa komi ba, fenti kawai, don duk mai wucewa shi san wa ke ciki. Torun ta ce ba ita ta watsa ba, amma takan zo ta kalla in zuciyarta ta yi nauyi. Na ce mata ni ma akwai gidan da nake so in shafa wa irin wanga. Kawu, ba ka amsa mini ba. Ban ce ka tuna duk mashinan garin ba. Ɗaya nake tambaya, kuma na san ka sani. Wa ya buga takardar?

Ka ce in bar zancen. Ba ni bari. Ka gaya wa Yaya Karimu ban manta ba, shi ma kada shi manta. Gidan Na-Allah sai ya yi ja, ja wur, har na ƙetaren gulbi su hango.

Sakinatu

Malanville, 6 ga Fabrairu 2010

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da na buga wagga da mashin, da yatsun hagu. Hannuna na dama ya ƙone, an ɗaure shi a likita. Innarki na nan da rai da lahiya, amma ba ta cin abinci. Ki zauna kahin ki ci gaba.

Takardarki ta yi jinkiri, sai ran Alhamis 28 ga Janairu na kai musu ita. Da na zo ƙarshenta, Karimu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tashi ya tada moto.

Washegari Juma'a, ban bar Garou ba tukuna, maza duka muna masallaci, ya zo da galan ɗin esansi, man moto. Ya zuba wa rumfar da Na-Allah ke ajiye taru, da jirage biyu da ke kihe a gehe, ya ƙyasta. Iska na kaɗawa daga gulbi. Wutar ta ci rumfar, ta ci rabin gidan, ta tsallake katanga ta kama rumbun shinkafar Ango, maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Noman shekara guda, ɗiyata. Liman na cikin huɗuba munka ji ihun mata. Wajen janye ciyawar rumbun na ƙone. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma da ƙyar anka hiddo uwar Na-Allah, tsohuwa ce ba ta tahiya.

Karimu bai gudu ba. Ga gada, ga Gaya, minti goma da ya ƙetare iyaka. Ya tsaya jingine da motonshi yana kallo. Da jandarma sunka zo ya miƙa hannu, abin da ya ce kawai shi ne, "A gaya wa Sakina ya yi ja." An wuce da shi Kandi.

Yanzu Na-Allah ya zama abin tausayi. Waɗanda da ba su gaishe shi suna kai mishi taru da buhun masara. Jiya masunta sunka zaɓe shi shugaba ba hamayya. Ran ɗaya ga Mayu za a yi taro a miƙa mishi makullin ɗakin ƙanƙara. A kasuwa kuma ana cewa jini ne, uba ya zuba guba, ɗa ya sa wuta.

Ban rubuto don in ɗora miki laihi ba. Amma kin ga inda zancen ya kai mu. Don Allah ki tsaya hakanan.

Issufu

Reykjavik, 1 ga Maris 2010

Kawu,

Na samu takardarka. Allah shi ba hannunka sauƙi. Kwana biyu ban je aji ba. Torun ta iske ni zaune a ƙasa, ta kawo kohi da bargo, ta zauna kusa da ni.

Fenti na ce. Rabin shahi na cika da labarin fenti, na ce ba a taɓa kowa ba, ba a fasa komi ba. Yaya Karimu mai zahin zuciya ne amma ba mahaukaci ba ne. Da ya ji labarin fentin da bai sayi esansi ba. Mi ka karanta mishi?

Wanga tambayar ce ta sa na yi ta juya takardarka, har idona ya bar maganar ya koma kan haruffan. Tun ina kolej a Parakou kake rubuto mini, kullum da hannu. Ban taɓa tambayar kaina mi ya sa mai mashin ba ya buga mini da mashin ba. Wagga ce ta farko. Harahin r na faɗowa ƙasa da layi. Cikin e a toshe yake, baƙi ƙirin. Na buɗe akwati na hiddo hotokopin ƙarar Baba, na ajiye su gehe da gehe bisa teburin Torun. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Na ce ta duba kawai. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa nan, ta ɗora can, ta ce, "Mashin ɗaya ne."

Kai ne, Kawu.

Kai ka yi wa Baba wanka. Kai ka riƙe hannuna ka kai ni lakwal. Na yi ta yawo da takardar nan ina neman mai ita, ashe shi nake tambaya. Kana kuma da bakin ce mini in bar zancen.

Ba ni son nasiha, ba ni son addu'a. Ka rubuto mini abin da ya faru tun daga farko, ba ragi. In ba ka rubuto ba, ranar da na sauka Malanville kahin in ga Inna sai na tsaya gaban teburinka da takardun nan biyu, in kira duk mai wucewa shi zo shi duba.

Sakinatu

Malanville, 28 ga Maris 2010

Sakinatu,

Gaisuwa, in kina amsawa. Innarki ta ɗan fara cin abinci. Na kai ta Kandi ta ga Karimu, ya rame amma lahiyarshi lau.

Ni na buga ta.

Na-Allah ya zo teburina da hantsi, ya ce wani na kashe kihin tabki, yana so hukuma ta ja mishi kunne. Ya faɗi, ni kuma na juya da Faransanci, aikina ke nan. Sai da munka kai tsakiya ya ambaci sunan Alasan. Na ɗaga hannu daga mashin. Ya ce gargaɗi kawai za a yi mishi. Na ƙarasa. Ya ce kada a sa sunanshi. Ni kuwa al'adata ce, duk takardar ƙara sai na ajiye kopin karbon, mai ita shi dangwala yatsa a kai don kariyar kaina. Ya dangwala. Tana nan cikin akwatin ƙarhe ƙarƙashin gadona.

Ranar da ya sa a takardar wai an zuba gubar, Talata 14 ga wata, sai bayan ya tahi na tuna. Ran nan ni da Alasan muna Madécali wurin suna, tun asuba har bayan la'asar, keke ɗaya munka hau. Babanki ya faɗi haka gaban jandarma. Sunka ce shi kawo shaida. Ya aiko a kira ni, na ce a ce mishi ba ni da lahiya.

Sau biyu ina zuwa har ƙofar jandarma ina komowa. In na yi magana za a tambayi wa ya buga ƙarar ƙarya, a ɗauke mini tebur, wataƙila a haɗa da ni. Ina da 'ya'ya bakwai. Na ce wa kaina kwana biyu za su sake shi. Da kwana biyu sunka zama wata shida, kunyar yin shiru ta hi ƙarhin kunyar farko. Ya hito bai taɓa tambayata ba. Ko da yana jinya in na shiga sai shi juya huska bango.

Sauran tambayarki. Duk takardunki ina tsallake inda kinka tambayi mashin, don kada innarki ta ji ta fara tunani. A ta Disamba tambayar na manne da labarin fentin. Ina cikin karatu idona ya hango ta a ƙasa, na ruɗe, na tsallake wurin gaba ɗaya, na faɗa kan layin ƙarshe. Abin da Karimu ya ji ke nan. Ke kinka rubuta, shi ya ƙyasta, amma ni na cire abin da ke tsakani.

Ban san mi zan roƙe ki ba. Abin da kinka ga dama ki yi da ni.

Issufu

Reykjavik, 21 ga Afrilu 2010

Kawu Issufu,

Ina fatan Inna lahiya. Ta intanet na aiko wagga, mai sibar, shagon intanet na bakin kasuwa, zai buga ya kawo maka. In ya karanta a hanya, shi karanta.

Da yanzu ina gida. Ran 17 ya kamata in taso, sai wani dutse a kudancin ƙasar, mai sunan da har yau ban iya faɗi ba, ya fashe daga ƙarƙashin ƙanƙara. Tokarshi ta ruhe sararin Turai, jirage sunka tsaya. An ce ba ni da wuri sai 12 ga Mayu. Gonar ƙanen Torun na gindin dutsen. Munka tahi taya shi shigar da tumaki, ga su da ciki sun kusa haihuwa. Da tsakar rana ba ka ganin hannunka. Mun ɗaure hanci, muna lalube muna jin kukansu. Ya rasa goma sha ɗaya. Bai yi ƙorahi ba, ya ce dutse bai san shi ba, ba da gangan ya yi ba, masu banki na birni ne sunka san abin da suke yi.

Kwana biyu kahin dutsen, an hiddo rahoton binciken rushewar bankuna, littahi tara. 'Yan wasan kwaikwayo sunka hau dandamali sunka yi ta karanta shi da ƙarhi, wani ya gaji wani ya karɓa, kwana da kwanaki, ƙofa a buɗe. Torun ta ɗauki saƙarta munka je da sahe. Ba na jin harshen, amma na ga lokacin da alluranta sunka tsaya. An ambaci sunan mai gidan gilashi da abin da ya yi, rana da wata. Da munka hito ta ce ba a kama shi ba tukuna, jikokinta ma ba su dawo ba, amma yau an faɗi sunanshi a gaban mutane, ta ji da kunnenta.

Ka ce in yi abin da na ga dama da kai. To ga shi. Ran ɗaya ga Mayu, a taron miƙa makulli, ka tahi da kopin nan. Ka miƙe gaban shugaban arondisma, mai mulkin yankinmu, da masunta da matansu, ka karanta ta da bakinka, ka juya ta da harshen Dendi, ka juya da Hausa. Ka nuna yatsan. Ka faɗi inda kuke kai da Baba ran Talatar nan, ka faɗi cewa ya aiko kiranka ka ce ba ka da lahiya. Kada ka tsallake layi ko ɗaya. Ka sa a kawo Inna.

Na so a ce ni ke tsaye ina kallon huskokinku ku biyu. Ba zan jira jirgi har a ba shi makulli ba. In ka ƙi, kwana goma sha ɗaya kawai ka ƙara wa kanka.

Sakinatu

Malanville, 3 ga Mayu 2010

Sakinatu,

Ina gaisuwa. Ni ma ta wurin mai sibar na aiko wagga. Nazifa ta sauka ran Laraba, an samu mace, su duka lahiya. Kotu ta yanke wa Karimu shekara ɗaya da rabi. Ba zai ga suna ba.

Na yi.

An yi taron da hantsi a harabar lakwal ta Garou. Na-Allah na zaune a gaba da sabuwar shadda, makullin na bisa tebur. Da anka ce ko akwai mai magana, na miƙe. Na dafa benci. Na karanta da Faransanci, na juya da Dendi, na juya da Hausa. Na faɗi na Madécali, na faɗi na rashin lahiyar ƙarya. Na ɗaga takardar na zaga da ita layi layi.

Na-Allah ya yi dariya. Ya ce tsufa ya taɓa ni, yatsa kuma kowa na da shi. Waɗansu sun fara taya shi. Na ɗauka shi ke nan, na tona kaina a banza. Sai Bukari ya miƙe daga baya. Ba lalle ki tuna shi ba, shi ke tuƙa wa Na-Allah jirgi a wancan zamani, yanzu ido ɗaya gare shi. Ya ce, "Ni na ɗauki galan ɗin maganin, shi ya zuba. Na gaji da ganin Alasan cikin barci." Ya koma ya zauna.

Shugaban arondisma ya miƙa hannu ya ɗauke makullin ya sa aljihu. Na-Allah ya tashi yana neman takalminshi, ba wanda ya matsa mishi hanya, sai da ya ratsa ta tsakanin mata. Ɗaya daga cikinsu ta toha yawu a ƙasa. Jiya an ce waɗanda sunka kai mishi taru sun je sun karɓe abinsu, yau kuma ba a gan shi masallaci ba. Dattawa na maganar a mayar muku da tabki.

Innarki na zaune a baya, ta ji komi. Da anka watse na nuho ta. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Shekara goma sha uku kana cin tuwona, Issufu." Ta ja mayahinta ta wuce.

Yau na buɗe tebur kamar kullum. Har azahar ba wanda ya zauna. Wata mata da na fara wa takarda ran Juma'a ta zo ta karɓe ta ba a gama ba. Masu cewa na ci amanar Alasan daban, masu cewa na tona asirin mai kawo aiki daban, duka dai sun daina zuwa. Ango ya tare ni a hanya ya ce ya ji an wanke Alasan, madalla, shi kuma da mi zai ciyar da gidanshi har kaka?

Na yi yadda kinka ce, ban tsallake komi ba. Ko zan iya zuwa tasha in tarbe ki?

Issufu

Reykjavik, 5 ga Mayu 2010

Kawu Issufu,

Barka da saukar Nazifa. Ka ce a shaida wa Ango shinkafarshi na wuyana, ni da shi za mu zauna.

Na karanta wa Torun takardarka. Ta tambaye ni ko yanzu zuciyata ta yi sanyi. Na ce mata Yaya Karimu na kwana a kaso, Na-Allah na kwana a ɗakinshi. Da sauran aiki. Ina sauka zan kai shi kotu, kai da Bukari ku ne shaidu. Wanga karon in an aiko kiranka, ko a kan gadon likita kake za ka zo.

Kada ka zo tasha. Ran 15 da sahe ka kawo kopin gidan Inna. Ka yi sallama, ka miƙo ta daga bakin ƙofa. Kada ka shigo.

Sakinatu